A Duba Ramukan Kwal Na Inugu

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki.

Ni direban tirela ne a nan Legas, kusan kullum sai na bi ta Ijora, kuma duk sanda na hango tsohon ginin tashar lantarkin nan da a da take cin kwal ɗin Inugu sai in tuna da kakana Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin reluwe zamanin jirgi mai hayaƙi, har ya rasu yana ba mu labarin yadda ake zuba kwal da shebur a cikin injin, fuska ta yi baƙi ƙirin sai haƙora kawai kake gani.

To Malam Edita wai me aka yi da ramukan da aka haƙo kwal ɗin? Tun 1909 aka gano shi a yankin Udi, shi ya sa ma aka ja layin dogo zuwa Fatakwal. Da jirage suka koma dizal, ga yaƙin basasa ya zo, harkar ta yi ta ja da baya, yau ramukan Onyeama da Okpara sun zama kango, ruwa ya cika su.

Wasu ƙasashen fa ba haka suka bar nasu ba. Jamus ta rufe ramin kwal na Zollverein a 1986, zuwa 2001 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, yanzu jama'a ke tururuwar zuwa kallo. A Wales ta Birtaniya akwai tsohon ramin kwal na Big Pit, sai a ɗaura maka hular kwano mai fitila a sauke ka ƙasa wajen mita 90 ka ga inda mutane suka sha wahala da idonka. A garin Heerlen na Holan kuwa tun 2008 ruwan da ya taru a tsofaffin ramukan kwal ɗinsu suke jawowa da famfo su ɗumama gidaje da shi, da zafi kuma su sanyaya. Mu dai ɗumama gida ba matsalarmu ba ce, wanda ya kwana a Agege ba wuta ya sani.

Amma ramin kwal na Iva Valley da ke Inugu fa? Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan Turawan mulki suka harbe ma'aikata 21 a wurin saboda sun nemi haƙƙinsu, kuma wallahi na tambayi yaran motata biyu ba wanda ya taɓa jin labarin. A gyara rami ɗaya mana, a tokare shi da kyau, a kai 'yan makaranta su gani. Sannan ruwan nan mai tsami da ke fitowa daga ramukan yana gangarawa rafi, a kawo injiniyoyi su auna ko zai tacu, tunda mutanen Inugu har yau ruwan tanka suke saye.

Don Allah ku tura wakilinku ya ɗauko mana hotunan wurin mu gani.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas