Amsar Tambayar Baba Alhaji Kan Cocin Kumasi

Baba Alhaji, ina gaisuwa.

Ranar sunan jikanka a unguwar Aboabo, nan Kumasi garin Tonawa (wato Asante), ka tambaye ni a gaban jama'a: "Kai ɗan Wusasa, tunda kowace Lahadi kana cocin Tonawa, yaya ka ga ibadarsu?" Idanu suka yi mini yawa, na yi dariya na kauce. Ga amsar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a coci. A gida mutum yakan dunƙule abinsa ya jefa, ba mai sanin nawa ne. A cocin da nake zuwa a nan, sai aka shiga kiran jama'a bisa ranar haihuwa, abin da suke ce wa Kofi da Ama. 'Yan Litinin su taso da rawa, ana kaɗa fararen ƙyallaye, su zuba su koma, 'yan Talata su biyo. Can a ƙarshe a ƙirga, a faɗi ranar da ta yi nasara, coci ta ɗauki sowa. Ni Ɗanjuma ashe Kofi ne! Wata tsohuwa ta ja ni muka fita, ƙafata ta ƙi bin ganga, ita kuwa ko a jikinta. Raha ce mai daɗi, amma ban sake da ita ba, Baba. Mai sidi biyu a aljihu yana ji a ransa in an mai da bayarwa gasa.

Ibadar tasu ba ta tsaya a bango huɗu ba. A kasuwar Kejetia mai wa'azi da lasifika yana gefen mai tumatir, a cikin motar haya ta tirotiro ma wani zai miƙe ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Asabar ta jana'iza ce, baƙi da ja ko'ina, Lahadi iyalin mamaci su zo godiya cikin farare. Ƙidayar 2021 ta ce Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, kuma kunne ma ya shaida. Abin ya yi saiwa: Freeman, ɗan mishan na Metodis, ya iso garin nan a 1839, Ramseyer kuwa, shi ma ɗan mishan, Tonawa suka kamo shi a 1869, ga shi yau coci a Adum na ɗauke da sunansa.

Sai dai ga inda abin ya tsaya mini. Duk wanda ya ji ni Bahaushe ne sai ya tambayi yaushe na bar Musulunci. In na ce kakana ma a coci ya girma, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, sai a dube ni kamar mai tatsuniya. Ana ibada awa uku da Tuwi, harshen Tonawa, abin da nake tsinta bai wuce "Amin" ba. Sai na sauko Zango na zauna a tabarmarku, ana kokon safe da ƙosai, sannan nake jin harshen da uwata ta koya mini addu'a da shi.

Ka tuna mini cewa Shehu Sharubutu, babban limamin Gana, ya halarci cocin Katolika a Akara ranar Ista ta 2019. Ban ce ka bi sawunsa ba. Amma wace rana aka haife ka? Tsohuwar nan ta ce layinmu na Juma'a ya yi ƙaranci.

Ɗanka,
baƙonka daga Zariya