Wai wa ya san sunan kansilansa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ara min fili a shafin wasiƙu, akwai abun da ya daɗe yana damuna game da mu mazauna birni da irin siyasar da muke yi.

Siyasar baki dai mun iya ta, wannan ba mai ƙwace mana. Ka leƙa guruf ɗin WhatsApp na unguwa da daddare ka ga yadda ake tafka muhawara kan shugaban ƙasa da ministoci da wanda zai fito takara nan gaba, har da masu sharhin zaɓen Amurka, mutum zai zayyano maka jihohin da Trump ya ci a 2024 bai yi tuntuɓe ba, amma ka jefa tambaya ɗaya ka ce to jama'a waye kansilan mazaɓarmu kuma ina ake samunsa, sai ka ji tsit, can sai wani ya turo sitika a wuce wajen.

Alhali abun da ke cin ɗan birni kullum ba can sama yake ba. Kwatar bakin titi ce da ta cika da leda da robobi har ruwan ya koma kore, kwalbatin ya toshe, da an yi ruwan sama mai ɗan ƙarfi sai ya tsallako titi ya shige gidajen mutane, ga fastocin 'yan takara a jikin bangon da ke saman kwatar, an manna sabuwa kan tsohuwa duk suna murmushi. Bola, fitilar titi, ruwan famfo, ƙaramin asibitin unguwa, masu gini a kan hanyar ruwa. Shugaban ƙasa ba zai zo ya yashe kwata ba, kuma ba aikinsa bane.

Na san amsar da za a bani, wai ai ƙaramar hukuma ba ta da kataɓus, gwamna ya riƙe kuɗin. Akwai gaskiya a ciki. A Najeriya ma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, aka yi ta murna. To amma ko da kuɗin sun sauka gaba ɗaya, in ba idon kowa a kai, ai aljihu kawai aka sauya. Ciyaman ɗin da ba wanda ya taɓa tambayarsa nawa ya shigo nawa ya fita, me zai sa ya ji tsoro?

Akwai wani birni a kudancin Brazil, Porto Alegre. A 1989 suka fara wani tsari, aka karkasa birnin yanki-yanki, mutanen kowane yanki su taru su yi gardama su zaɓi abun da suka fi buƙata, titi ne ko magudanar ruwa ko makaranta, sannan su naɗa wakilan da za su bi maganar har ta shiga kasafin kuɗi. Talakawa ne suka fi cika tarukan, kuma cikin abubuwan da suka fi nema akwai ruwa da magudana. Gidajen da ke da ruwan famfo da hanyar fitar da ƙazanta sun tashi daga kashi 75 cikin ɗari a 1988 zuwa kashi 98 a 1997. Paris ma ta ɗauki irin tsarin a 2014. Ba wai aljanna suka gina a Porto Alegre ba fa, bayan jam'iyyar da ta kawo shi ta faɗi zaɓen 2004 tsarin ya yi ta ja baya. Ni dai abun da ya burge ni shi ne mai dako da mai shago su zauna suna tambayar ina kuɗin kwalbati.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne maganar haya. Da yawanmu a birni 'yan haya ne, mutum ya shekara ashirin a unguwa, a nan ya yi aure a nan ya haifi 'ya'yansa, amma har gobe cewa yake ai ba garinmu bane, katin zaɓensa ma na can ƙauye, in zaɓe ya zo ya hau mota ya tafi ya zaɓi wanda zai yi titin da shi ba zai bi ba sai da biki ko rasuwa. Unguwar da yake kwana kuwa ba shi da ƙuri'a a cikinta, kuma ɗan siyasa ya fi kowa sanin haka, shi ya sa unguwannin 'yan haya suke shan wuya. Mai gidan ma sau da yawa ba a nan yake zaune ba, kuɗin hayarsa kawai yake jira.

Mu ma da namu, don ledar da ke cikin kwatar nan ba kansila ne ya jefa ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku ma 'yan jarida kuna cikin masu kallon sama, shafin farko kullum fadar shugaban ƙasa. Ku ware ko da rabin shafi ne duk mako, ku buga mana sunayen kansiloli da mazaɓunsu, da abun da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa a wata, sannan ku tura wakili ya zauna a zaman majalisar kansiloli ya faɗa mana me aka tattauna da wa ya zo wa bai zo ba. In ma ba a zaman ne gaba ɗaya, to a buga mana hakan.

Wassalam,
Naka, mai karanta jaridarku.