Tallafin Waje Ya Janye, Yaran Karkara Ke Biyan Kuɗin

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan halin da asibitocin sha-ka-tafi na karkarar Jigawa suka shiga tun da Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka a watan Janairun 2025, aka kuma rufe hukumar USAID, wadda ke raba tallafin Amurka a ƙasashen waje, baki ɗaya a watan Yuli. Birtaniya ita ma ta ce za ta rage nata zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigarta nan da 2027.

A birni labari ne a rediyo. A nan kuwa, uwa ce za ta biya ɗan acaɓa ta kawo ɗanta, malamin asibiti ya zagaya masa ma'auni a damtse ya tsaya kan ja, alamar tamowa mai tsanani, sannan ya sunkuyar da kai ya ce abincin tamowa ya ƙare, ta dawo wani mako. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura ba ya jiran wani mako. Maƙwabtanmu na Katsina sun gani: ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 masu tamowa suka rasu a cibiyoyinta a watanni shida na farkon 2025.

Ban ɗora wa Bature laifin duka ba, kuɗinsa ne. Zanen aro dama ba ya rufe katara. Abin da ke ci min rai shi ne, abincin nan na leda gyaɗa ce da madara da sukari da mai, ga gyaɗar a gonakinmu, ga masana'antar da ke sarrafa shi a Kano. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 na kasafi zai tafi lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. An ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin, madalla, amma mu a ƙasa muna so mu gan ta a kan kantar magani.

Ina roƙon gwamnoninmu da shugabannin ƙananan hukumomi su saki kuɗin sayen abincin tamowa da maganin zazzaɓin cizon sauro kafin damina ta kankama, lokacin da rumbu ke ƙarewa. Ku kuma, ku turo wakilinku ya zaga ƙauyuka ranar awo, ya buɗe ɗakin ajiyar magani ya gani da idonsa.

Naka,
Wani manomi daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa