A Duba Halin Da Ma'aikatan Lafiya Ke Ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin hukumomi kan rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, wanda ya nuna cewa aƙalla ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan lafiya sun yi fama da fargaba, matsananciyar damuwa ko gajiyar aiki a zamanin korona. Lamarin ya taɓa ni ƙwarai, domin ƙanwata nas ce, takan kwana ita kaɗai a kan majinyata, ta dawo gida ko abinci ba ta iya ci. Tunda Najeriya ta samu dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ya kamata a ɗauki ƙarin ma'aikata, a kuma sassauta musu aikin dare.

Naka,
Wani mai karatu, Kano.