Idan Man Giyabos Ya Tsiyaye, Teku Ce Filin Sauka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi bayani kan shawarar da ke gaban matuƙin helikwafta idan giyabos ya samu matsala a tsakiyar teku.

Manyan helikwaftocin da ke jigilar ma'aikatan rijiyoyin mai na cikin teku inji biyu gare su, amma babban giyabos ɗaya ne tak. Shi ke juya babbar farfela, shi ke kai ƙarfi ga ƙaramar ta jela. Inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai kai jirgi gida. Giyabos kuwa ba shi da mataimaki.

Ranar 12 ga Maris, 2009, helikwafta ƙirar Sikorsky S-92 na kamfanin Cougar ya tashi daga St. John's a Kanada da mutum 18. Biyu daga cikin ƙusoshi uku na ƙarfen titaniyam da ke riƙe da kwanon filtar man giyabos suka karye, man ya zube. Takardar matakan gaggawa cewa ta yi a sauka nan take. Matuƙan suka sauko daga ƙafa 9,000 zuwa 800, suka nufi gaɓa. Cikin abubuwan da suka yaudare su har da allurar ma'aunin zafi, wadda ba ta hau ba. To yaya za ta hau? Zafin mai take aunawa, man kuma babu. Bayan kamar minti 11, giyar da ke tura farfelar jela ta cinye, jirgin ya rikito ruwa da ƙarfi. Mutum 17 suka rasu.

A 2012, helikwaftoci biyu ƙirar EC225 sun ga alamar lalacewar tsarin man giyabos a Tekun Arewa da ke Turai, ɗaya a Mayu da mutum 14, ɗaya a Oktoba da 19. Duka aka sauke su kan ruwa, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Tsoron ruwa ba wauta ba ne. Nauyin helikwafta a samansa yake, igiyar ruwa na iya kifar da shi, ga sanyi mai tsinke numfashi. Amma saukar da aka shirya daban take da faɗuwa. Da zarar matsin mai ya faɗi, a aika kiran neman agaji, fasinjoji su zuge rigunan ruwa, a ɗana balan-balan da ke hana jirgin nutsewa, a rage gudu, a fuskanci iska gwargwadon yadda igiyar ruwa ta bari, a taɓa ruwa tun farfelar jela tana amsawa. Wanda ma ya nace sai ya gwada isa gaɓa, ƙafa 800 ta yi masa sama da yawa, domin giya in ta saki ba ta jiran ya sauko.

Wassalam,
Wani mai karatu