Kalzoni na ganye: kayan miyarmu sun isa a yi shi

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi wa masu sha'awar girki bayani kan wani abinci da ake kira kalzoni, wanda da yawa ke ɗauka sai an je manyan kantunan Abuja kafin a haɗa kayansa. Asalinsa daga birnin Napoli ne na ƙasar Italiya, kuma ba wani abu ba ne illa fiza da aka ninke biyu aka liƙe bakinta kafin a gasa. Ga ido ya yi kama da mit-fai, amma ƙullinsu daban: na mit-fai da bota ake murza shi, na kalzoni kuwa ƙullin burodi ne mai yis.

Ƙullin ba shi da wuya. A sami fulawa kofi 4, wato rabin kilo, da yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, sukari ƙaramin cokali 1, man gyaɗa babban cokali 2. Ruwa kuma mililita 300. Wanda ba shi da ma'auni ya tuna ledar ruwan sha 500 take ɗauka, sai ya zuba rabi da ɗan ɗori. Ruwan ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri, don mai zafi yana kashe yis, a wuni ana jira ƙulli bai motsa ba. A murza minti 10 har ya daina kama hannu, a shafe shi da mai a rufe. Da zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi minti 45 ya ishe shi ya ninka, amma da hunturu yakan kai awa 2.

Inda aka fi faɗuwa shi ne kayan ciki, kuma ruwa ne ke jawo hakan. Ganye da tumatir cike suke da ruwa. Idan aka zuba su ɗanye, wuta na taɓa su sai su saki ruwan a cikin ƙulli, tururi ya rasa hanyar fita, a ciro abu samansa ya yi ja gwanin sha'awa, ƙasansa kuwa ya jiƙe ya yi danƙo kamar ba a gasa ba. Don haka komai sai an dafa shi an tsane shi tukuna. Albasa 2 manya, irin ta Aliero da ba ma rasa ta a kasuwa, a yanka siriri a soya da mai kaɗan a wuta marar ƙarfi har ta yi laushi ta fara zaƙi. A zuba tattasai 2, attarugu 1, tafarnuwa da karas da aka goge. Tumatir 4 a markaɗa a dafa shi daban har ruwan ya ƙone, a ja cokali a tsakiyar tukunya a ga hanyar ba ta rufe ba. Alayyafo ɗauri 2 a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 1, a tsame, a matse da hannu biyu sai ya koma ɗan dunƙule kamar ƙwallon dawo. Zogale ma yana yi, idan an dafa shi an matse kamar za a yi kwaɗo. Kabeji ne mai yaudara: ana ganinsa a bushe, amma sai an barbaɗa masa gishiri ya yi minti 15 za a ga ruwan da ke cikinsa. A ƙarshe a haɗe su duka wuri guda, a yanka ganyen ɗoɗɗoya a kai, domin 'yar'uwarta ce Italiyawa ke sakawa. A bar haɗin ya huce sarai, mai zafi yana narkar da ƙulli ya yage.

Batun cuku kuma, su can mozarela da rikota suke sawa. Ana iya yin makamancin rikota a gida: a ɗora madarar shanu lita 1, tana gab da tafasa a sauke a zuba ruwan lemun tsami babban cokali 3, a bari minti 10 ta tsinke, a tace da tsaftataccen ƙyalle. Ba zai riƙa miƙewa kamar zare in an ja shi yadda mozarela ke yi ba, kada a sa rai, amma yana haɗe kayan ciki ya ba su maiƙo. In babu madara, a marmasa awara a sa mata gishiri da masoro. Mu a ganinmu awara ta fi wani cukun leda da ya daɗe a kanti ana ɗauke masa wuta.

A raba ƙullin gida 6, a murza kowanne ya yi faɗin faranti ƙarami, kaurinsa kada ya kai rabin santimita. A zuba haɗi babban cokali 3 a gefe guda, a bar bakin fili kamar faɗin yatsa. Kwaɗayin cikawa shi ke sa ya fashe. A shafa ruwa a bakin, a ninke, a danne da cokali mai yatsu. Idan mai ko miya ya taɓa bakin nan ba zai liƙe ba ko an yi ta dannawa. A tsaga samansa wuri 2 da wuƙa don tururi ya fita, a shafa ƙwai ko mai.

Mai oben ya bari ya yi zafi sosai, digiri 220, ya gasa minti 15 zuwa 18. Wanda ba shi da shi ya zuba rairayi mai tsafta a babbar tukunya, ya ɗora a gawayi minti 15 a rufe, ya aza farantin da aka jera kalzonin a kan duwatsu 3 a ciki, sannan ya ɗora garwashi a kan murfi. Wutar sama ta fi ta ƙasa yawa, in ba haka ba gindi ya ƙone sama na nan fari. Wannan hanya takan ci minti 25, kuma kada a riƙa buɗe murfi ana leƙe. In an ciro a ƙwanƙwasa gindinsa, a ji ya yi ƙara kamar ƙwarya, sannan a ba shi minti 5 kafin a yanka, don cikinsa ya fi bayansa zafi nesa ba kusa ba.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar gashin fulawa, Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.