Wasiƙa Zuwa Ga Aboki Kan Sallamar Postecoglou

Abokina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma zaman nesa? Saƙonka ya iso, na kuma ga ka goyi bayan shugabannin Tottenham kan sallamar kocinmu Ange Postecoglou. To mutumina, a nan kam mun raba hanya, kuma magoya baya da dama ra'ayinmu ɗaya.

Ka dubi kwanakin kawai. Ranar 21 ga Mayun 2025 muka doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a Bilbao, Brennan Johnson ya zura ƙwallon, Son Heung-min ya ɗaga kofin Europa. Kafin nan rabonmu da kofi tun 2008, shekara 17 cur ana yi mana gori. Murna ba ta gama sauka ba, ranar 6 ga Yuni aka ce mutumin ya tattara nasa ya nasa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na san hujjarka. Mun ƙare Firimiya a mataki na 17, an doke mu sau 22 cikin wasa 38, daga mu sai ƙungiyoyi ukun da suka faɗi. Wannan abin kunya ne, ba na musu. Amma da wa ya buga tsakiyar kakar? 'Yan bayanmu Romero da Van de Ven suna jinya, gola Vicario ya karye a idon sawu, har ta kai yaro Archie Gray, ɗan wasan tsakiya, shi ke tsare baya. Da kocin ya ga gasar gida ta kuɓuce, sai ya zuba ƙarfinsa a Turai, kuma lissafinsa ya fita. Kofin nan shi ya ba mu gurbi a gasar Zakarun Turai, gurbin da Aston Villa ba ta samu ba duk da ta ƙare ta 6.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan ba sabon abu ba ne a hannun Daniel Levy, shugaban kulob na lokacin. Koci Pochettino ya kai mu wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2019, kafin shekarar ta ƙare an kore shi. Mourinho kuwa saura kwana 6 a buga wasan ƙarshe na kofin Carabao a 2021 aka sallame shi. Nuno wata huɗu ya yi, Conte ya zo ya tafi. Kowane koci da salonsa, sai a saya masa 'yan wasa, kafin su saba a kawo wani da ba su dace da tsarinsa ba. Masu ɗauko kociyoyin nan su wa ke tuhumar su? Tambayar da muke yi ke nan, kuma sanarwar kulob ba ta amsa ta ba.

Ba ni da ƙorafi kan Thomas Frank, wanda aka ɗauko ya gaji Postecoglou a Yunin 2025. Shi ya hauro da Brentford Firimiya a 2021, ya kuma riƙe ta da ƙaramin kasafi. Da aka naɗa shi na ce zan mara masa baya. Fargabata a lokacin ita ce ranar da ya yi rashin nasara huɗu a jere, wa zai tsaya masa?

Ka rubuto mini amsarka, musamman kan batun raunin 'yan wasa, don ka tsallake shi a saƙonka. A gaida madam da yara.

Naka,
Abokinka